Saiwar Tafashiya da Tramol: Wa Ya Sa Maganin a Cikin Itacen?

Akwai wani dattijo da ke shimfiɗa buhu a gefen babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru, yana jera saiwoyi da sassaƙe ɗauri-ɗauri. Wajensa mahaifiyata take aike na tun ina yaro. Yanzu ma da nake koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, wajensa nake zuwa in ina neman abin da zan nuna wa ɗalibai. A ƙarshen 2013 na tsaya na gaishe shi, na ce, "Baba, Turawa sun ce wai akwai tramol a cikin saiwar tafashiya." Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, tun kaka da kakanni muke ba mai ciwon jiki ita. Sai yau suka sani?" Na koma gida ina jin daɗin amsar nan. Bayan shekara uku sai ga ni na koma masa da wani labari daban. Abin da ya faru tsakanin zuwan nan biyu shi ne zan bi daki-daki.

Itacen da ƙwayar

Tafashiya ƙaramar bishiya ce mai faffaɗan ganye mai sheƙi, tana son bakin rafi da fadama. 'Ya'yanta dunƙulallu ne masu ja-ja, su ake kira tuwon biri. Fulani suna ce mata bakurehi, masana tsirrai kuma Nauclea latifolia ko Sarcocephalus latifolius. Danginta ɗaya da itacen kofi da itacen da ake samun kwinin a ɓawonsa. Saiwarta rawaya ce mai ɗaci, ana jiƙa ta ko a dafa don zazzaɓi, shawara, ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi.

Tramol kuwa, wanda likitoci ke kira tramadol, ɗan masana'anta ne. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977 da sunan Tramal, a matsayin maganin ciwo mai tsanani wanda sai likita ya rubuta. Yadda ya tashi daga farmasi ya koma kan tire da bayan keke, ya shiga aljihun 'yan acaɓa da masu dako da leburorin gona, duk wanda ke zaune a Marwa ko Garwa ko Kusiri ya gani da idonsa.

A 2013 ne ayarin Michel De Waard da Ahcène Boumendjel na Girenobul a Faransa, tare da Germain Sotoing Taïwe na Jami'ar Buea, suka buga sakamakonsu a mujallar Angewandte Chemie. Sun jiƙa ɓawon saiwar, sun ba ɓeraye, sun ga ciwo ya ragu. Suka yi ta tace ruwan kashi-kashi har suka ware sinadarin da ke aikin, da suka duba siffarsa sai ga tramadol sak. Kuma da yawa: kashi 0.4 cikin ɗari na busasshen ɓawo, wato giram 4 a kilo ɗaya. A saiwa kaɗai suka same shi, babu a ganye ko rassa. Labarin ya zaga duniya, don abu ne da ba a saba ji ba: mutum ya ƙera magani da dabararsa, bayan shekara hamsin a tarar wani itace a dajin Afirka yana yin irinsa. Mu nan mun ji daɗi. Ni kaina na karanta wa ɗalibaina labarin a aji, ina ta cika baki.

Amma samun abu a gida bai nuna mai gidan ne ya dafa ba. In aka tarar da sinadari a cikin saiwa, uku ne ake tuhuma. Ko itacen ne ya yi shi, ko wani ɗan haya da ke zaune a cikin itacen, ko kuwa daga waje ya shigo.

'Yan hayar da ba a gani

Wannan ɗan hayar shi ne ya ja hankalina cikin lamarin, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Kowa ya san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da naman kaza da ke tsirowa a juji da damina. Dangi ɗaya ne, kuma dangi ne masu gwanintar haɗa sinadarai; daga wata fumfuna Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai irinsu da ke zaune a cikin lafiyayyen tsiro, tsakanin ƙwayoyin ganye da ɓawo da saiwa, zare-zare siriri, ba tare da sun sa masa cuta ba. Masana suna kiran su endofayit, ma'ana mai zama cikin tsiro. Kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an same su a cikinsa. Itace yana ba su sukari da mafaka. Wasu daga cikinsu suna biyan haya da sinadaran da ke korar ƙwari ko dabba mai kiwo, wasu kuwa suna zaune ne kawai suna jiran ganye ya mutu su fara ci.

Hanyar fito da su ba ta da wuya, har ɗalibin jami'a yana yi. A wanke saiwa, a tsoma ta a alkol, a tsoma a ruwan jabel, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, don duk abin da ke bayan ɓawo ya mutu. Sai a yanka ƙanana a ɗora a faranti mai ɗauke da kafaffen abinci na dankali da sukari, a rufe. Bayan 'yan kwanaki zare zai fara fitowa daga bakin yankan, wani fari kamar auduga, wani toka-toka, wani ruwan hoda. Abin da ya fito daga ciki ya fito.

Misali mafi kyau da na sani yana nan a bakin fadamunmu: duman kada, mai rarrafe da fure ruwan shuɗi-ja, wanda makiyaya suka san yana sa tumaki da awaki rawar jiki in sun ci shi da yawa lokacin da ciyawa ta ƙare. A ganyensa akwai sinadaran da ake kira alkaloyid na ergot, dangin waɗanda ake yin maganin tsayar da jini bayan haihuwa da su. An daɗe ana zaton tsiron ne ke yin su. Masu bincike a Jami'ar Bon ta Jamus suka fesa wa tsiron maganin kashe fumfuna, sai sinadaran suka ɓace, tsiron kuwa ya ci gaba da rayuwarsa. Ashe wata fumfuna ce, da aka raɗa wa suna Periglandula a 2011, take manne da ƙananan ganye, tana bin iri daga uwa zuwa 'ya. Ga hujja wadda ba ta da makawa: an kori ɗan haya, girki ya tsaya.

Sai dai fagen nan yana da nasa labarin cika baki. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle suka ba da rahoto a mujallar Science cewa wata fumfuna da suka ciro daga wani itace a jihar Montana ta Amurka tana yin taksol, maganin sankara mai tsada da ake samu daga ɓawon wannan itacen. Aka yi ta murna, za a daina sare itatuwa, a noma magani a cikin tanki. Amma abin da fumfunar ke bayarwa bai wuce nanogiram 50 a lita ba, alhali sai an tara nanogiram miliyan ɗaya kafin a sami miligiram guda. In mai ciwo yana bukatar kamar miligiram 300 a zama ɗaya, sai an tara lita miliyan 6 kafin a yi masa allura guda. A 2013 kuma, shekarar da labarin tafashiya ya fito, wasu masu bincike a Jamus suka duba ƙwayoyin gadon fumfunar ba su ga kayan aikin yin taksol ba, suka ce mai yiwuwa ragowar na itacen ne ya maƙale a jikinta. Akwai kuma wata matsala da ta addabi masu wannan aiki: fumfuna ta yi sinadari a faranti na farko, a dasa ta a na biyu ya ragu, kafin a kai na shida ko na bakwai ya kusan ƙarewa. Kamar baƙon da ya iya girki a gidan da ya saba, aka kai shi wani gida ya manta.

Waɗanda suka biyo sawu

Mutanen da suka ɗauki zancen tafashiya suka sake bi, wannan fage ne sana'arsu. Souvik Kusari da Michael Spiteller na jami'ar fasaha ta Dotmun a Jamus sun riga sun yi suna wajen farautar irin waɗannan fumfuna. Su ne suka nuna yadda wata fumfuna mai yin maganin sankara na kamtotesin take rasa ƙarfinta in ana ta dasa ta. Su ne kuma a 2012 suka ba da rahoton wata fumfuna a cikin darbejiya ta Indiya mai yin azadiraktin, sinadarin da ke korar ƙwari. Duk wanda ya taɓa tafiya a inuwar darbejiyoyin da suka jeru a titunan Marwa zai ji abin ya zo kusa da gida. Ga masu irin wannan aiki, jin an sami baƙon sinadari a saiwa kaɗai, ba a ganye ba, dole ya sa su kasa kunne, don saiwa ita ce ke cuɗanya da ƙasa da duk ƙananan halittun da ke cikinta.

Suka haɗa kai da masana na gida, ciki har da Simplice Tatsimo na babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa da Simeon Kouam na Jami'ar Yawunde ta ɗaya. Suka tara saiwoyi daga arewaci da kudancin Kamaru. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce, ba su tsaya ga tafashiya kaɗai ba. Sun ɗebi ƙasar gindinta, sun ɗebi ruwan da ke kusa, sun tono saiwar wasu itatuwan da ke maƙwabtaka da ita.

Sakamakon ya fito a 2014, a wannan mujalla dai. Tafashiyar kudu babu komai a cikinta. Ta lardin Arewa Mai Nisa akwai tramadol, amma ɗan burbushi, ƙasa da abin da aka fara faɗa sau dubbai. Akwai shi a saiwar wasu tsirrai iri biyar da ba tafashiya ba. Akwai shi a ƙasa, akwai shi a ruwa. Kuma tare da shi akwai wasu sinadarai uku, irin waɗanda ke samuwa in tramadol ya bi ta hantar mutum ko dabba ta sarrafa shi kafin ya fita a fitsari. Da suka zauna da manoma sai bakin zaren ya fito. Manomi yana shan tramol don ya jure aiki, yana kuma ba shanun huɗarsa don su ja garma a cikin zafin da ke wuce digiri 40 ba su gaji ba. Da rana ta take a kai su inuwa su huta, su yi fitsari da kashi a gindin itace. Ruwan sama ya shigar da shi ƙasa, saiwa ta zuƙa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin shi ne darasin da nake ta maimaita wa ɗalibai. Cewa akwai a arewa babu a kudu, wannan kaɗai bai wanke fumfuna daga tuhuma ba. Hasali ma haka aikin ɗan haya yake: itace iri ɗaya, a wannan gari yana da shi, a wancan ba shi da shi, sai maganin ya bambanta. Da an tsaya nan, da wani ya rubuta cewa akwai wata fumfuna ta Sahel mai yin tramadol, a kuma yarda da shi. Abin da ya karya wannan zato shi ne sawun hanta. Sai kuma wani abu da aka lura da shi tun farko: tramadol yana da siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Masana'anta tana fitar da su rabi da rabi. Halitta mai rai, tsiro ko fumfuna, yawanci hannu ɗaya take yi. Wanda aka samu a saiwar tafashiya rabi da rabi ne.

Gardama

Ayarin Girenobul bai amince ba, kuma a gaskiya hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce saiwarsu daga gandun daji ta fito inda aka hana kiwo, kuma De Waard ya ce sai dai a tara dubban shanu masu shan tramol su kewaye itace ɗaya suna fitsari kafin a kai yawan da suka auna. A 2015, tare da Richard Robins na Nant a Faransa, suka buga wani aiki a mujallar makarantar kimiyya ta ƙasar Amurka, suna nuna hanyar da itace zai iya bi ya haɗa tramadol daga sinadaran da yake da su.

Batun hana kiwo, duk wanda ya san dazuzzukanmu zai yi murmushi. Doka tana kan takarda, garke yana cikin daji, musamman da rani. Amma batun yawa yana da nauyi, kuma shi ya sa gardamar ta yi tsawo. Sai dai nuna hanyar da abu zai iya bi daban, nuna ya bi ta daban.

Gwajin da ya raba gardama

A 2016 ayarin Dotmun da Marwa suka dawo da gwajin da nake ganin ya fi duka kyau, don ko ɗalibin aji uku zai gane shi.

A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani nau'in kabon mai suna kabon-14, ɗan kaɗan, wanda ake ta samar da shi a sararin sama. Tsiro yana shan iska ya gina jikinsa da ita, saboda haka duk abin da tsiro mai rai ya yi yana ɗauke da kabon-14. Fumfunar da ke cikinsa ma sukarinsa take ci, don haka duk abin da ta haɗa yana ɗauke da shi. Amma kabon-14 ba ya dawwama, duk shekara 5,730 rabinsa yake ƙarewa. Man fetur ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, nasa ya ƙare ƙarƙaf. Maganin da aka haɗa daga sinadaran fetur ba shi da ko ɗigo.

Suka sayi ƙwayoyin tramol a bakin titi a tsakiyar Marwa, suka ware sinadarin, suka auna: babu kabon-14. Suka ɗebo ƙasa daga wani wuri mai suna Houdouvou inda tramol ya yi yawa, suka tace shi daga cikinta, suka auna: shi ma babu. Da itace ne ya yi shi ya zubar a ƙasa, ko fumfunar cikinsa, da an gani. Gwaji ɗaya ya sallami mai gida da ɗan haya gaba ɗaya. Suka kuma shuka irin tafashiya a ɗakin gwaji, cikin tsabta, nesa da shanu da mutane, tsiron ya girma babu tramadol a jikinsa.

A ganina magana ta ƙare nan. Allura aka je nema, ta tono garma, garmar ma ta gaske mai shanu a gaba.

Abin da ya rage mana

Wannan bai rage wa tafashiya daraja ba. Tana da nata sinadaran da aka sani tun kafin wannan hayaniya, babbansu shi ne istiriktosamayid, kuma masu magani suna ba da ita tun kafin a haifi wanda ya ƙera tramol. Dattijon kasuwa bai yi ƙarya ba da ya ce tun kakanni. Ni ne na yi gaggawar ɗaura maganarsa a wutsiyar labarin Turawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan. Muna maganar tramol kamar matsalar samari ce, ta 'yan acaɓa da 'yan ta-da-zaune-tsaye. Binciken nan ya nuna abin ya wuce cikin mutum ya shiga gona, ya shiga ƙasa, ya kai ga ruwan da ake ɗiba. Yawan da aka auna kaɗan ne ƙwarai, ba wanda zai bugu da ruwan rijiya. Amma kafin magani ya bayyana a ƙasar gona har na'ura ta gan shi, sai an sha shi da yawa, shekara da shekaru. Dattijo mai carbi da ba ya ko taunar goro da yawa zai iya jefa wa san huɗarsa ƙwaya biyu da asuba ba tare da ya ɗauki abin a bakin komai ba, don damina gajeriya ce, kuma wanda ya makara da huɗa ya makara da shekara.

Ga ɗalibanmu kuma da ke shiga jami'a a Marwa da Ngaundare da Injamena, waɗanda da yawansu za a ba su aikin ciro fumfuna daga marke ko sabara ko maɗaci, ina da shawara daga wannan lamari. In ka je tonon saiwa, ka ɗebo ƙasar gindin a wata leda, ka tono saiwar maƙwabcin itacen, ka rubuta ko akwai kashin shanu a wurin. In fumfunarka ta nuna sinadari a faranti na farko, kada ka yi shela, dasa ta sau biyar ka sake aunawa. Kuma ka tambayi mai gonar abin da yake yi a wurin. A lamarin tafashiya, na'urar da ta gano tramol ta miliyoyi ce, amma bayanin yadda ya shiga ƙasa daga bakin manomi ya fito, a zaune a inuwa.

Da na koma wajen dattijon na kwashe labari na gaya masa, har da zancen shanu. Wannan karon ya ɗago kai. Bai yi mamakin ana ba shanu tramol ba, ya ce ai har jakai ana ba. Abin da ya tambaya shi ne, "To Malam, in an wanke saiwar da kyau fa?" Na ce, "Baba, ba a bayanta yake ba, zuƙa ta yi." Ya yi shiru, ya ɗauki wani ɗauri na tafashiya ya juya shi a hannu, ya shinshina. Sai ya ƙwala wa yaron da ke kawo masa kaya daga ƙauye kira, ya ce, "Kai, zo nan. Wannan a ina ka tono ta, bakin rafi ko bayan garke?"